Kiɗan Kyauta a Bakin Tabkin Mishigan

Duk wanda ya taɓa zama ajin nazarin waƙar baka a sashenmu ya san ba a raba makaɗi da kyauta. Malamanmu sun sha nanata mana wannan batu har mun haddace shi: makaɗi ya yi kiɗa, ya wasa ubangidansa, ya ambaci iyaye da kakanni, shi kuwa ubangida ya sa hannu a aljihu. A da riga ce da doki da damen hatsi, daga baya abin ya koma mota da kujerar Makka. Watau a wurinmu kyauta daga hannun mai sauraro take fitowa ta faɗa hannun makaɗi. To, a dogon hutun da ya wuce na je wani gari inda na tarar kalmar nan tana tafiya da baya. A can makaɗa ne suke ba jama'a kiɗa kyauta, jama'a su saurara, su tafa, su naɗe shimfiɗunsu su tafi gida, ba wanda ya ciro ko sisin kwabo. Labarin da nake so in ba 'yan'uwa ke nan, tare da irin tunanin da ya jefa ni ciki.

Garin shi ne Shikago, cikin Jihar Ilinoyi ta ƙasar Amurka. Wana ne yake karatu a can, ya kuma daɗe yana yi mini alkawarin zai kai ni in ga ɗakin karatu na Herskovits da ke Jami'ar Northwestern, arewa kaɗan da birnin, inda aka adana rubuce-rubucen Larabci da ajami na Malam Umaru Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962. Allah ya nufa ya cika alkawari. Labarin takardun nan sai wata rana, domin shi kaɗai ya isa maƙala guda. Na sauka cikin watan Yuli, lokacin da mu muke tsakiyar damina su kuwa suke cikin bazararsu. Mutanen da suka sha watanni cikin ƙanƙara ba su yarda su zauna a ɗaki in rana ta samu, ga shi kuma ranar ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas.

Wata Laraba da la'asar sai Yaya ya ce mini, "Auta, ɗauko bargon nan, yau za ka ga makaɗan Turawa."

Na ce, "Yaya, nawa ne kuɗin shiga?"

Ya ce, "Kyauta."

Na ce, "Anya kuwa, Yaya? A garin da ko ruwan sha sai ka saya? Ai banza ba ta kai zomo kasuwa."

Ya yi dariya, ya ce in dai taho, gani ya kori ji.

Muka shiga jirgin ƙasan da ke bi ta bisa titunan birnin, muka sauka a tsakiyar gari. Da yake da sauran lokaci, sai Yaya ya fara kai ni bakin ruwa. Jama'a, in ba don an gaya mini tabki ne ba, da rantsuwa zan yi teku ne. Ba a hango gaɓar ƙetare ko kaɗan. Faɗin Tabkin Mishigan ya kai wajen murabba'in kilomita 58,000, watau ya ninka Tabkin Cadi fiye da sau biyu, ko da a shekarun 1960 lokacin da namu yake cike. Ruwan ba gishiri, ga ƙananan jiragen ruwa masu filafilan ƙyalle an ɗaure su jere, ga wasu fararen tsuntsaye masu kuka kamar jarirai suna shawagi. Iskar da ke tasowa daga ruwan ita ta sa na gane dalilin bargo.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba ruwan ba ne. Tsakanin ruwan da dogayen benayen birnin akwai wani makeken fili mai ciyawa da itatuwa, ana kiransa Grant Park, ba kanti, ba otal, ba gidan attajiri. Duk wanda ya san yadda filayen makarantu da na wasa suke ƙarewa a garuruwanmu dole ya tambayi yadda wannan ya tsira. Ashe tun 1836 waɗanda suka zana taswirar wurin suka rubuta a kanta cewa filin jama'a ne, ba za a yi gini a cikinsa ba. Rubutu kaɗai kuwa bai isa ya kare fili ba. Sai da wani ɗan kasuwa mai suna Aaron Montgomery Ward ya riƙa kai hukuma ƙara kotu, tun daga 1890 har kimanin shekara 20, da kuɗin aljihunsa, ana zaginsa a jaridu wai yana hana gari ci gaba, sa'an nan filin ya tabbata. Da ba don taurin kan mutumin nan ba, da ba inda za a shimfiɗa bargo.

Dandalin kiɗan yana kusurwar filin ta arewa maso yamma, cikin sashen da ake kira Millennium Park, tafiyar 'yan mintoci daga bakin ruwa. An buɗe shi a 2004, wani magini mai suna Frank Gehry ya tsara shi. Ban san yadda zan kwatanta muku shi ba, sai dai in ce ku ɗauka guguwa ta kwashe kwanon rufin wani babban masallaci ta nannaɗe shi, ya tsaya a sama yana ƙyalli. Har an ce saboda waccan tsohuwar doka ta hana gini, hukumar birnin ta lissafa shi cikin kayan fasaha, ba cikin gine-gine ba. Ashe dabarar kauce wa doka ba mu kaɗai Allah ya ba. A gaban dandalin akwai kujeru 4,000, bayansu kuma filin ciyawa mai ɗaukar mutum 7,000. An gicciya bututan ƙarfe a bisa filin kamar saƙar raga, an rataya lasifikoki a jikinsu, don wanda yake can ƙarshe ya ji kiɗa kamar yana cikin zaure. Kujerun gaba na masu biya ne. Na baya da filin ciyawa kuwa na kowa da kowa ne, abin da kawai za a yi maka a ƙofa shi ne a duba jakarka.

Muka sami wuri muka shimfiɗa. A damanmu wasu tsofaffi biyu, mata da miji, sun zo da ɗan tebur da kyandir da kwalabar giyarsu. A hagunmu wata mata ce da 'ya'ya uku, ƙaramin yana ta birgima. Ga ma'aikatan ofis da suka taso daga aiki sun tuɓe takalma, ga ɗalibai, ga wani bawan Allah da na tabbata duk abin da ya mallaka a duniya yana cikin jakar da ya yi matashin kai da ita. Ba wanda ya ce masa tashi. Mu kuwa muka buɗe dambun naman da Inna ta ba ni in kai wa Yaya.

Makaɗan suka fito ɗaya bayan ɗaya suka zazzauna, maza da mata. Na yi ta ƙidaya har na wuce 70, na bari. Wannan taron shi suke kira okestira. Fiye da rabinsu masu goge ne, sai dai gogensu na katako ne, ba ƙwarya da fatar guza ba, tsirkiyarsa huɗu, namu kuwa ɗaya. Akwai ƙarami da ake maƙale shi a ƙarƙashin haɓa, akwai wanda ake jingina shi tsakanin gwiwoyi, akwai kuma wani ƙato da ya fi mai goga shi tsawo. Amma bakan gogawar duk izgar doki ce, kuma su ma sai sun shafa mata ƙaro kafin ta kama, kamar dai yadda masu gogenmu suke yi. Da Garba Supa zai dawo duniya ya ga wannan, na tabbata ba zai rasa abin cewa ba. Bayan masu goge sai masu busa: sarewa ta ƙarfe, da wasu dangin algaita, da ƙahoni na tagulla masu lauje-lauje, da begila. A can ƙarshe mutum ɗaya yana tsaye cikin manyan tambura masu gindin tagulla. Kowa da takarda a gabansa. Kiɗan a rubuce yake, ƙwaya-ƙwaya, ba mai ƙara ko ɗigo daga kansa.

Ƙarfe shida da rabi daidai mai algaita ya busa murya ɗaya doguwa, sauran duka suka daidaita kayansu da ita. Sa'an nan madugunsu ya fito riƙe da 'yar siririyar sanda, ya rusuna wa jama'a, ya juya mana ƙeya. Ku lura da wannan: shugaban makaɗa ya juya wa taro ƙeya, haka kuma ya tsaya har aka tashi. A wurinmu wane makaɗi ne zai yi wa ubangidansa haka ya kwana lafiya? Shi wannan ba ya kiɗa, ba ya waƙa, hannu kawai yake kaɗawa, amma da ya ɗaga sandar nan sai dubban mutane suka yi tsit, har na ji ƙarar takardar dambunmu ta dame ni.

Babban kiɗan daren na wani mutumin ƙasar Cek ne, sunansa a rubuce Antonin Dvorak, a baki kuwa wani abu ne mai kama da Daborjak. An haife shi a 1841, ya rasu a 1904. A 1892 aka ɗauko shi zuwa Niyok ya shugabanci wata makarantar kiɗa, a can ya tsara wannan kiɗa a 1893, shi ne na tara cikin manyan kaɗe-kaɗensa, ya kuma danganta shi da Sabuwar Duniya, watau Amurka. A shekarar ma ya zo Shikago wajen babban bajekolin duniya da aka yi, har ya jagoranci makaɗa. A makarantar tasa akwai wani ɗalibi baƙar fata, Harry Burleigh, jikan bawa, wanda yakan rera masa waƙoƙin da bayi suka bari. Dvorak ya fito fili ya gaya wa Amurkawa cewa in suna son kiɗa nasu na kansu, to, su gina shi a kan waƙoƙin baƙar fata. Ba kowa ya ji daɗin wannan magana ba a lokacin. Wani abu kuma da na karanta ya tsaya mini a rai: uban Dvorak mahauci ne. Dalilin tsayawarsa zai zo nan gaba.

Kiɗan kashi huɗu ne, ya ci wajen minti 40, ba kalma ko ɗaya a cikinsa. Ga ɗalibin waƙar baka wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce. An horar da mu mu nemi jigo da warwararsa, mu nemi zambo da habaici, mu ƙidaya ɗiyan waƙa, mu ga inda 'yan amshi suke karɓi da inda suke ƙari. A nan duk ba ko ɗaya. Da farko na yi ta jiran a fara waƙa, ina ɗaukar abin da ake yi share fage ne. Can sai kunnena ya fara kama wani abu. Akwai 'yar gajeriyar karin murya da masu ƙaho suka fara kawowa, ta ɓace, ta dawo a bakin sarewa, ta sake ɓacewa, ta dawo wurin masu goge a sauye. Na ce a raina, af, ashe ga gindin waƙar. Suna da amshi, sai dai kayan kiɗa ne suke amsa wa juna.

A kashi na biyu komai ya lafa. Wani mai doguwar algaita, mai murya ƙasa-ƙasa, ya ɗauki wata karin murya shi kaɗai, a hankali, kamar mai rarrashin yaro. Rana ta sunkuya ta bayan benaye, tagoginsu sun yi ja, iskar tabki ta fara ratsa riga. Ban san abin da Dvorak yake nufi ba, ba kuma wanda ya fassara mini, amma ni abin da ya zo mini shi ne ƙofar gidanmu da magariba, da hayaƙin murhu, da awaki suna shigowa. Ana cikin haka motar asibiti ta bi ta babban titi tana jiniya, ta yanka kiɗan biyu. Madugu bai ko waiwaya ba. Tsohuwar da ke damanmu idonta a rufe, yaron da ke birgima ya yi barci a cinyar uwarsa.

Tsakanin kashi da kashi makaɗan sukan tsaya na ɗan lokaci, amma ba a tafi, al'adarsu ke nan, sai dai ka ji tari nan da can. Ni kuwa duk lokacin da kiɗa ya yi daɗi sai in ji hannuna yana neman aljihu. Ba sanƙira, ba ɗan ma'abba, ba mai guɗa, ba wanda ya ratsa fili ya manna wa mai algaitan nan kuɗi a goshi, alhali ya cancanta. Sai da aka kai ƙarshe, tambura da ƙahoni suka yi ta tsawa kana suka lafa, sa'an nan jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Madugu ya juyo ya rusuna, ya nuna mai algaita da hannu, shi ma ya miƙe. Iyakar tukuicinsa ke nan a idon jama'a.

A nan ya kamata in gaya wa mai karatu wani abu game da kaina, don ya san ba kallon baƙo kawai na yi ba. Ni jikan makaɗi ne. Kakana na wajen uba kalangu yake kaɗa wa mahautan garinmu, kamar yadda ubansa ya yi. Mahaifinmu ya bar sana'ar ya kama ɗinki, ya sa mu makaranta, amma ƙanensa, Baffanmu, har yau kalangun yana rataye a ɗakinsa. Kowa ya san matsayin da al'adarmu ta ajiye makaɗi. Tun a shekarun 1950 M. G. Smith ya rubuta cewa makaɗa da maroƙa da mahauta suna can ƙasa a jerin darajar sana'o'in Hausa, mu kuwa ba mu bukaci littafi ya gaya mana ba. A firamare in faɗa ya haɗa ni da yaro, kalmar ƙarshe da yakan jefo ita ce "ɗan maroƙa". Akwai gidan da aka hana wani ɗan'uwanmu aure ba don komai ba sai wannan. Saboda haka da na ga makaɗa fiye da 70 suna zaune a kujera, dubban mutane sun yi musu shiru, ana kaɗa abin da ɗan mahauci ya rubuta, ba mai roƙo, ba mai jiran a jefo masa, tambaya ɗaya ce ta cika mini ciki: to, wa yake ciyar da su?

Amsar tana cikin ɗan littafin da aka raba mana a ƙofa. Shafukan farko bayanin kiɗa ne da tarihin makaɗa. Shafukan ƙarshe kuwa sunaye ne jere, na kamfanoni da na iyalai da na ɗaiɗaikun mutane, an kasa su gwargwadon abin da kowa ya bayar, masu babbar kyauta a sama, masu ƙarama a ƙasa. Hukumar kula da filayen shaƙatawa ta birnin da sashen al'adu su ma suna sa nasu, watau kuɗin haraji. Dandalin kansa sunan Jay Pritzker yake ɗauke da shi, attajirin da danginsa suka mallaki otal-otal na Hyatt, su ne suka ba da dala miliyan 15 don a gina shi. Na nuna wa Yaya, na ce, "Yaya, ga iyayen gidan nan. Ashe suna nan." Kirarin ma yana nan, har da jeranta manya kafin ƙanana yadda maroƙi yake yi. Abin da suka yi kawai shi ne sun cire kirarin daga bakin makaɗi sun mai da shi kan takarda da bango. Attajiri ya sami sunansa, makaɗi ya sami albashinsa, ba kuma sai sun haɗa ido ba.

Kada a ɗauka haka Turawa suka taso. Su ma makaɗan fada gare su. Joseph Haydn, wanda suke ji da shi ƙwarai, ya shiga hidimar gidan sarautar Esterhazy a 1761, ya yi kusan shekara 30 yana sa rigar barorin gidan, yana tsara irin kiɗan da maigida yake so. Bambancinsa da Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa bai kai yadda ake zato ba. Sauyin daga baya ya zo, kuma a Shikago ana iya nuna mutumin da ya tsaya a kansa.

Sunansa James Petrillo, ɗan Italiyawa 'yan ci-rani, haifaffen birnin a 1892. Mai busa begila ne wanda bai yi fice a busa ba, sai ya koma shugabancin ƙungiyar ƙwadago ta makaɗa. A zamaninsa masifa biyu suka auka wa makaɗa. Kafin 1927 fim ba ya magana, kowane babban gidan silima yana da makaɗansa masu raka hoto da kiɗa. Da fim mai sauti ya fito sai aka sallami dubbai. Bayan shekara biyu kuma tattalin arzikin Amurka ya rushe. Petrillo ya sami kujera a hukumar filayen shaƙatawa, ya matsa lamba a ɗauki makaɗan da ba su da aiki su riƙa yi wa jama'a kiɗa a fili, ga su ma jama'ar ba su da kuɗin shiga zaure. A 1935 aka fara, har yau kuma ana yi, mako goma kowace bazara. An kafa okestirar wurin ta dindindin a 1944. Watau asalin wannan kiɗan kyauta ba tausayin mai sauraro ba ne kaɗai, neman abincin makaɗi ne.

Bai tsaya nan ba. Da ya zama shugaban ƙungiyar ta ƙasa baki ɗaya a 1940, sai ya juya kan kamfanonin faifai, yana cewa faifan da makaɗi ya yi da hannunsa shi ne yake raba shi da aiki a gidajen rawa da na rediyo. Ya hana 'yan ƙungiya shiga ɗakin ɗaukar faifai daga 1942 zuwa 1944, ya sake hanawa a 1948. Ƙarshenta kamfanonin suka yarda su riƙa zuba wani kaso na cinikinsu cikin wani asusu da ake biyan makaɗa da shi su yi wa jama'a kiɗa kyauta. An zage shi, an kira shi ɗan kama-karya, ba kuma za a ce duk ƙarya aka yi masa ba. Wani tabon ma ya fi wannan: a Shikago ƙungiyar makaɗa biyu ce, ta farare daban, ta baƙaƙe daban, ba su haɗe ba sai 1966. Ko a daren da nake ba ku labari, baƙaƙen fuskokin da ke kan dandalin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, a garin da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanensa baƙar fata ne, ana kuma kaɗa kiɗan mutumin da ya ce a koyi da waƙoƙinsu.

A jirgi muna komawa muka yi ta musu da Yaya. Shi a ganinsa abin da muka gani shi ne wayewa, namu kuwa bara ce da aka yi wa ado. Ni ban yarda ba. Kiɗan nan ya ratsa ni, amma bai san ni ba. Da ni da tsohuwar da ke damanmu da mai barci a kan jakarsa duk ɗaya muke a wurinsa, da ba mu zo ba ma haka za a kaɗa shi, ba ragi ba ƙari. Kalangun Baffa kuwa magana yake yi. In ya hango mahauci daga nesa ya saki takensa, sai ka ga ƙato ya ajiye wuƙa jikinsa yana tsuma, domin an kira shi, an kira ubansa, an tuna masa ko shi wane ne a gaban kasuwa duka. Shata yakan ƙaga waƙa nan take a kan wanda yake zaune gabansa. Wannan ba abin da za a rubuta a takarda a ba mutum 70 su karanta ba ne, ban kuma ga dalilin da zai sa mu yi musanyarsa da na wani ba. Abin da na yi wa makaɗan Shikago hassada a kai ɗaya ne: cin abincinsu bai rataya ga fara'ar mutum ɗaya ba. In attajiri ya yi fushi, sai dai a cire sunansa daga shafin baya.

Mu kuwa namu tsarin yana rushewa, ba a kuma kafa wani a gurbinsa ba. Sarakuna ba su da abin hannun da za su riƙe makaɗa kamar da. Gidajen biki sun koma hayar masu kiɗan na'ura, yaro ɗaya da kwamfuta da lasifika biyu ya tashi aikin mutum goma, daidai abin da ya sami makaɗan silima a 1927. Ana sa waƙoƙin Ɗanƙwairo da na Ɗan Maraya Jos a wayoyi da tashoshin mota dare da rana, mu ma nan sashe muna samun digiri a kansu. In in kiɗa ya sauya rawa takan sauya, to, cikin makaɗi fa?

Da na dawo gida na je gaishe da Baffa, na kai masa tsarabar turare da hula. Na same shi a zaure yana gyaran tsirkiyar kalangu, ko da yake ya ce rabonsa da a kira shi wasa tun bayan Babbar Salla. Na ba shi labari tun daga tabki har tafi. Bai damu da tabkin ba. Ya tambaye ni masu goge nawa ne, na ce sun fi 40. Ya riƙe baki, ya ce, "Duk a taki ɗaya? Ba mai shiga gonar wani?" Na ce babu, Baffa. Ya ce lalle madugun nan ba ƙaramin mutum ba ne. Sa'an nan ya ce, "To, wa suke wa?" Na ce ba kowa, ko kuma kowa da kowa. Ya yi shiru, ya ce shi bai ga yadda hannu zai yi zafi ba in ba ka san wanda kake kaɗa wa ba.

Na ce, "Amma Baffa, albashi ake biyansu."

Ya ce, "Ko an yi ruwa taro ya watse?"

Na ce, "Ko an yi ruwa."

Ya ɗan jinjina kai, ya ci gaba da jan tsirkiya. Can ya ce cikin 'ya'yansa ba wanda ya iya take ko biyar, babban yana acaɓa, ƙaramin yana gyaran waya, shi kuma ba zai ce sun yi laifi ba. Na gaya masa ina so in rubuta kundin digirina a kan taken mahauta, in zai yarda in zo da rikoda. Ya ce in zo ranar da ba kasuwa, in kuma taho da batir mai yawa, domin taken Sarkin Fawa kaɗai, in za a bi shi daga kakanni, sai ya ci yini.